Izga, Aji da Alƙalami: Makaɗin Goge a Madubin Makaɗin Biyola, daga Zangon Mile 3

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi rayuwar makaɗin izga ta fuska uku: kiɗa a fage, koyar da na baya, da rubuce ilimin sana'ar. Ta ɗauko tarihin biyola, wato gogen Turawa mai matsakaiciyar murya, ta aza shi kusa da na goge da kukumar Hausa. Hujjarta ita ce, ilimin goge ya rabu gida biyu a jami'o'inmu, baiti a Arewa, sauti a Kudu, mai gogen kuwa ba ya cikin ko ɗaya. Zangunan Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu suna zaune daidai inda za a iya haɗa gidajen biyu.

Gabatarwa



Zan fara da suna. Duk wanda ya saurari rediyo a Arewa a shekarun 1970 ya san Audu Yaron Goge. Mutum ya girma, ya yi suna, ya tara nasa yaran, amma laƙabinsa bai daina cewa shi yaro ba ne. A cikin wannan laƙabi makarantar goge gaba ɗayanta take. Babu aji, babu allo. Akwai maigida, akwai yaro mai ɗaukar kaya, wanda zai shekara yana kiɗa ƙwarya da amshi kafin a bar shi ya taɓa tsirkiya a gaban mutane. Makaranta ce ta gaske, ta kuma yaye gwanaye. Rauninta ɗaya: ranar da maigida ya kwanta dama ba tare da yaro a gindinsa ba, ranar aka rufe ta.

Mu da muka taru a Fatakwal muna iya gwada wannan magana a ƙofar gida. Yaron da aka haifa a unguwar Mile 3 ta nan Fatakwal, Bahaushe ɗan Bahaushe, idan ya ji kukumar Garba Supa a wayar mahaifinsa ransa ya biya, gidan wa zai je ya ce a koya masa? Idan kuwa biyolin, wato gogen Turawa mai siririyar murya, ko biyola yake so, akwai littafi, akwai jarrabawa mataki-mataki, akwai sassan kiɗa a jami'o'in da ke kewaye da shi. Yadda aka yi kayan kiɗan baƙi ya fi na gida sauƙin samu a wurin wannan yaro, shi ne abin da nake son mu bincika.

Kayan kiɗan da aka raina

Biyola tana da tsirkiya huɗu kamar biyolin, sai dai ta ɗan fi ta girma, jikinta kan kai santimita 40 zuwa 42, muryarta kuma ta fi kauri. A babbar ƙungiyar makaɗan Turai ita ce ta tsakiya, mai cike gurbi tsakanin siririyar murya da babbar murya. Wannan matsayi ya jawo mata raini na ƙarnoni. Wanda hannunsa bai faɗa ba a biyolin, shi ake turawa ya riƙe ta, kuma har gobe makaɗan Turai suna da barkwanci iri-iri a kan masu biyola, kamar yadda muke da namu tsakanin taubasai. Babbar makarantar kiɗa ta Faris an kafa ta a 1795, amma ba ta buɗe aji na musamman don biyola ba sai a 1894, lokacin da aka ba Théophile Laforge kujerar. Shekara 99 ke nan ana kaɗa abu kullum a cikin makaranta ba tare da an ga ya isa a ba shi malami ba.

Mutumin da ya juya wannan tarihi a Ingila shi ne Lionel Tertis, wanda aka haifa a 1876 ya rasu a 1975. Ya shiga makarantar Royal Academy of Music ta Landan yana ɗalibin biyolin, ya koma biyola ne saboda abokan karatunsa suna neman wanda zai cika musu ƙungiyar mutum huɗu. Tun da babu ƙwararren malamin da zai koya masa, shi ya koya wa kansa, kuma a farkon ƙarni na 20 makarantar ta naɗa shi malamin wannan fanni. Daga nan ya kama aiki ta kowace kusurwa. Ya yi ta bin masu tsara kiɗa yana matsa musu su rubuta wa biyola abin da za ta fito fili da shi. Ya ɗauko kiɗe-kiɗen da aka rubuta wa wasu kayan ya mayar da su yadda za su zauna a hannun mai biyola. Ya zauna da masassaƙa ya zana sabon fasalin jikinta, mai faɗi don murya ta cika, wanda har yau ake kira da sunansa. Sannan ya rubuta littattafai, na ƙarshensu My Viola and I ya fito a 1974, yana ɗan shekara kusan ɗari.

Ba waliyyi ba ne, ya yi kuskuren da ake ba da labari. A 1929 William Walton ya rubuta wani babban kiɗa don biyola ya aika masa, Tertis ya duba ya ga salon ya yi masa sabo da yawa, ya mayar. Sai Bajamushe Paul Hindemith, wanda shi ma makaɗin biyola ne kuma malami, ya fara kaɗa shi a Landan a watan Oktoba na shekarar. Daga baya Tertis ya yi nadama, ya karɓi kiɗan ya riƙa kaɗawa. Na kawo wannan ne don a ga amfanin rubutu: da a ka kiɗan yake, da ƙin da maigida ya yi masa ya isa ya kashe shi. Da yake yana kan takarda, wani hannun ya ɗauka.

Na biyu cikin waɗanda suka ɗaukaka biyola shi ne William Primrose, mutumin Glasgow, 1904 zuwa 1982. Malaminsa Eugène Ysaÿe ne ya ba shi shawarar komawa biyola. Ya yi aiki a ƙungiyar gidan rediyon NBC ta Amurka ƙarƙashin Toscanini daga 1937, ya biya Béla Bartók ya rubuta masa kiɗa a 1945, wanda Bartók ya rasu bai ƙarasa ba, Tibor Serly ya kammala aka fara kaɗawa a 1949. Da jinsa ya soma rauni sai ya ƙara ba da ƙarfi ga koyarwa, a Jami'ar Indiana, daga ƙarshe a Jami'ar Brigham Young, inda yanzu akwai babbar taskar takardu da faya-fayen biyola mai ɗauke da sunansa. Kunne ya gaza, sana'a ba ta mutu ba, domin tana da wani ɗakin da za ta koma.

Abin lura a nan, mutum ɗaya ne ke riƙe da izga da alli da alƙalami. Ba wani ne ya zo daga waje ya nazarci Tertis ya ɗaukaka biyola ba.

Goge da abin da ke kan mai goge

Rainin da aka yi wa biyola na ƙwarewa ne. Na goge ya fi shi nauyi, domin na mutunci ne da addini. Kirarin da aka yi masa, goge kan bidi'a, ya isa shaida. Tun zamanin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1804 malamai suke kallonsa da ido ɗaya da bori, daga baya kuma aka haɗa shi da gidan magajiya da wasan otal. Makaɗin kotso ko taushi yana da fada, yana da sarki da zai tsaya masa. Mai goge yawanci jama'ar gari ce ubangidansa, kuma sau da dama ba gadon gidansu ba ne, shiga ya yi, wani lokaci bayan ya ɓata da iyayensa a kan haka.

Amma a dubi abin da wannan mutum ya sani. Da fari shi ne masassaƙin kayansa. Ya san ƙwaryar da za ta ba da murya, ya san fatar guza da yadda ake ɗame ta, ya san zaɓen gashin wutsiyar doki na tsirkiya da na izga, ya san inda zai ɗora jaki, wato ɗan itacen da tsirkiya ke hawa, da irin ƙaron da zai goga don izga ta kama. Abin da Tertis ya nemi masassaƙa su taya shi, mai goge da hannunsa yake yi. Sannan tsirkiyarsa ɗaya ce tak, ba ya kuma danne ta a jikin sanda kamar yadda mai biyola ke yi, taɓa ta yake yi da cikin yatsu tana sarari. Daga wannan taɓi yake fitar da muryoyi har da na can sama masu kama da shewa. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, goge yana bin hawa da saukar magana, har mai sauraro ya ji kirarinsa ba a buɗe baki ba. Wannan fanni ne da ya shafi masana harshe kai tsaye, amma mu nawa ne a sassan Hausa muka taɓa zama da mai goge muka ce ya kaɗa mana kalma mai faɗuwar sauti mu ji yadda yatsa ke yi da ita?

A fagen bori ilimin ya fi haka zurfi. Kowane iska da takensa: na Sarkin Rafi daban, na Ɗan Galadima daban, na Inna daban, na Malam Alhaji daban, kuma akwai tsarin wanda ke gaba da wanda ke biye. Fremont Besmer ya yi nazarin wannan a Kano, littafinsa ya fito a 1983, Veit Erlmann kuma ya yi a Maraɗi ya buga a 1982. Ko mutum yana ƙyamar bori, kuma da yawanmu muna da dalilinmu na addini, dole ya yarda cewa wanda ya haddace waɗannan take-take da kirarinsu da jerinsu ya riƙe kundi a ka. Masanin tarihi yana karanta labarin Tsumburbura ba tare da ya yi mata bauta ba.

Kukuma, ƙanwar goge, ta ɗan tsira daga wannan tabo domin ba ta shiga bori sosai ba. Ibrahim Na Habu ya fito da ita gari, Ali Makaho da Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka suka bi da nasu salon, Garba Liyo kuma ya riƙe babban gogen. Rediyo da kaset sun kai su ko'ina, har nan bakin teku. Kayan kiɗan ma da kansa ya yi tafiya: kiɗan sakara na Yarabawa da goge ake yinsa, Yusuf Olatunji na Abekuta, wanda ya rasu a 1978, da shi ya yi suna. Daga shekarun 1990 fiyano ta shigo da waƙoƙin finafinai, ta kwaikwayi kowace murya a farashi mai sauƙi, shari'a kuma da aka ƙaddamar a jihohin Arewa daga 1999 ta ƙuntata wuraren da goge ke ci. Yaran da da za su yi bara a gidan makaɗi suka koma situdiyo.

Wa ya rubuta?

An rubuta, ba a ce ba a rubuta ba. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, har yau ba a maye gurbinsa ba. Dandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Mamman Shata a Jami'ar Indiana a 1975, jami'ar da Primrose ya koyar a cikinta 'yan shekaru kafin nan. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu a Makaɗa da Mawaƙan Hausa da Diwanin Waƙoƙin Baka, aikin da ba mai nazarin waƙar baka da zai wuce bai sha daga gare shi ba. Jacqueline Cogdell DjeDje ta Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles ta ba da shekaru fiye da talatin ga gogen Afirka ta Yamma, littafinta Fiddling in West Africa ya fito a 2008, ya kwatanta na Fulani da na Hausa da na Dagomba.

Sai dai a lura da rabon aikin. Mu 'yan sashen Hausa, a Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo, baiti muke nazari: turke, salo, zubi da tsari. Mukan rubuta waƙar Garba Supa a takarda mu feɗe ta, kukumar kuwa mu ambace ta a layi ɗaya a babin tarihin mawaƙi. Ni ma da nawa laifin a ciki, haka aka koya mini, haka na koyar. Amma a kiɗan goge, rabin maganar a tsirkiya take. Mawaƙi kan yi ɗa ɗaya ya yi shiru, izga ta ƙarasa. Wanda ya nazarci baitin kaɗai kamar wanda ya saurari ɓangare ɗaya ne na hirar waya.

Jami'o'inmu sun karrama makaɗa. Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, Jami'ar Jos ta ba Ɗanmaraya. Abin a yaba ne. Amma alkyabba daban, aji daban. An sa musu riga an ɗauki hoto, ba a ba su ɗalibai ba.

Misali biyu daga maƙwabta

A Gana an gwada wata hanya. Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon, zamanin J. H. Kwabena Nketia, ta ɗauki gwanayen kiɗan gargajiya aiki a matsayin masu koyarwa. Cikinsu akwai Salisu Mahama, makaɗin gogen Dagomba, kuma a hannunsa DjeDje ta koyi kaɗawa a farkon shekarun 1970. Littafin 2008 da na ambata, tushensa wannan zama ne na ɗaliba a gaban mai goge. Gaskiya ne hanyar ta fi sauƙi a can, domin a ƙasar Dagomba goge kiɗan fada ne, gado ne, masu shi suna tare da sarakuna har fadar Ya Na a Yendi. Kayan kiɗa iri ɗaya, ƙwarya da fata da gashin doki, a Yendi yana gaban sarki, a Kano yana bayan gari. Wannan kaɗai ya nuna tabon ba a jikin ƙwaryar yake ba.

Misali na biyu ya fi kusa da mu, shi ne Malam Maman Barka na Nijar, wanda ya rasu a Yamai a watan Nuwamba na 2018. Mutumin Teskar ne, Batube, malamin makarantar boko ne kafin ya yi suna da gurmi, kuma Hausawan Nijar da Nijeriya sun san waƙoƙinsa na Hausa. Ya yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai. A 2002 ya sami tallafin UNESCO ya tafi yankin Tafkin Cadi wurin Bukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne gwanin ƙarshe na biram, wani kayan kiɗan masuntan Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Mutumin da ya riga ya shahara ya koma yaro, ya zauna ya koya. Da dattijon ya rasu, biram tana hannun Barka, ya kai ta dandamalin Turai, ya naɗi faifai da ita a 2009. Ba izga yake ja ba, amma a duk ƙasashenmu ban ga wanda ya fi shi kama da Tertis ba: makaɗi, malami, mai bincike, a jiki ɗaya. Abin da ya ba shi dama shi ne ya riga ya iya allo da alli, kuma akwai cibiyar da za ta karɓi abin da ya kawo.

Me ya kawo Mile 3 cikin maganar?

Hausawa ba baƙin jiya ba ne a wannan yanki. Layin dogo ya haɗa Fatakwal da ma'adinin kwal na Inugu a 1916, gadar Makurɗi ta buɗe a 1932 jirgi ya riƙa wucewa Arewa kai tsaye, fatake da mahauta da 'yan koli suka biyo shi. Anacha kuwa tun kafin jirgin ƙasa kogin Kwara ya kawo su. Zaman ya yi ƙarfin da Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 suka watsa waɗannan zangunan, aka sake gina su bayan yaƙi. Sana'ar saye da sayarwa tana iya farfaɗowa a shekara guda. Sana'ar da ke buƙatar yaro ya shekara goma a gindin maigida ba ta jure irin wannan yankewa. Shi ya sa makaɗi a zangon Kudu galibi baƙo ne: ya zo biki ko ci-rani, ya yi wasa, a yi masa liƙi, ya hau mota ya koma.

Ko yanayin garin ma yana da ta cewa. Ruwan da ke sauka a Fatakwal a shekara ya haura milimita 2,000, fiye da ninkin na Kano. Fatar goge ba ta son laima, takan saki murya ta dushe, sai an gasa ta a rana ko gefen wuta. Yadda za a yi wa goge fatar da za ta jure damunar Neja Dalta tambaya ce ta bincike, irin wadda Tertis ya yi wa jikin biyola, kuma ba mai amsa ta sai wanda yake kaɗawa.

Ga kuma ɗaya gefen. Sassan kiɗa masu tsohon tarihi a Nijeriya a Kudu suke. Na Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, a jihar Inugu, shi ne na fari, tun 1961. Akwai na Ile-Ife, akwai na Jami'ar Fatakwal a Choba, a Legas kuma ƙungiyar MUSON da aka kafa a 1983 tana da makarantar da ake koyon biyolin da biyola. A waɗannan wurare akwai masu iya rubuta sauti, masu auna tazarar murya, masu ɗakunan naɗi. Abin da ba su da shi shi ne Hausa, da kuma hanyar shiga gidan mai goge. Mu kuma muna da Hausar, ba mu da kunnen da aka horar. Ɗan Mile 3 da ya tashi a Diobu yana jin Hausa a gida, Turancin buroka a kasuwa, wataƙila da Ikwerre ko Ibo a makaranta, ga Jami'ar Jihar Ribas a bayan katangarsu, shi ne mutumin da ke tsaye a tsakiyar gadar. Nisansa da gida ma wata dama ce: idon unguwa da zai hana ɗan Kano riƙe goge bai kai nan da ƙarfinsa ba.

Ba na cewa rubutun kiɗan Turawa zai ɗauke goge yadda yake. Layukansa biyar an yi su ne don muryoyi masu tsayayyen mataki, goge kuwa zamiya yake yi tsakaninsu. Dole a yi masa gyara, a haɗa da bidiyon yatsu, a kuma rubuta bayanin da kalmomin masu sana'ar, jaki da izga da take, ba fassararsu ba.

Cikas na farko da za a ci karo da shi na ofis ne. Tsarin ɗaukar malamai a jami'o'inmu takardar digiri yake tambaya, gwanin goge kuwa wataƙila allo kaɗai ya yi. Legon ta kauce wa wannan da ba su matsayin masu koyar da aikin hannu, kuma sassan wasan kwaikwayo na jami'o'inmu sun saba ɗaukar makaɗan ganga a irin wannan matsayi, don haka ƙofar tana nan. Na biyu na unguwa ne. Ba za a kawo mai kukuma daga Zariya ko Funtuwa ya zauna zango guda na karatu a Fatakwal ba tare da an fara gaida Sarkin Hausawa da limaman zango an faɗa musu abin da ake nufi ba. Shawarata a fara da kukuma, a bar take-taken bori ga taskar bincike tukuna. Darasin makon farko kuma kada ya zama tarihi. A ba kowane ɗalibi ƙwarya da fata da sanda, ya haɗa tasa a gaban maigida.